Sawun da Ya Fita ta Ƙofar Baya

Duk wanda aka taɓa kore wa sa ko tunkiya tsakanin Batsari da Yasore ya san Mani mai bin sawu. Ba boka ba ne, ba ya duba, ba ya turare. Ƙasa kawai yake kallo. Sai ya tsuguna ya ce maka ɓarawon gajere ne, ƙafarsa ta dama ta taɓa karyewa, kuma a nan ya tsaya ya sha taba. In sawu ya fito masa sosai, ya kife kwano a kai don kada a taka kafin ya dawo. In an kamo mutumin, yadda ya faɗa haka za a tarar. Boko bai yi ba, allon ma iyakarsa abin sallah, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Abin da ya shigar da shi kwamitin laburaren unguwarsu, shanunsa ne suka yi ta jan amalanken yashi da bulo lokacin da ƙungiyar 'yan gari ta gina wurin. Da aka gama sai aka ce ai ba a bar Mani a waje ba.

Laburaren ɗaki ɗaya ne dogo, littattafai a jikin bango, kwamfutoci a jere, sola a kan rufi. Mai kula da shi Malam Uwaisu ne, mutumin Safana, siriri, marar hayaniya. Aikin ne ya kawo shi Batsari da matarsa da ƙananan 'ya'yansa, ba shi da kowa a garin. In an kira sallah yakan tafi masallaci ya bar ƙofofin a buɗe, ta gaba da ta baya, don ba a korar mai karatu.

Wata Talata cikin damina, an kwana ana ruwa, Rahma autar Mani ta je bayan azahar don ta koyi jarabawar nan ta shiga jami'a da ake yi da kwamfuta. Ta zauna a ta lungu, wadda ke kusa da ƙofar baya, wadda allonta ke kallon bango. Tana taɓa ta sai ta farka. Fim ɗin batsa ne, mace da namiji tsirara haihuwar uwarsu, wani ya kalla ya tashi bai kashe ba. Yarinya ta ƙwalla ihu, ta ja hijabi ta rufe fuska, ta fita da gudu ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba. Kafin la'asar babu gidan da labarin bai shiga ba.

Ana idar da la'asar kwamiti ya zauna a bencinan ƙofar laburare. Alhaji Kamilu mai hatsi, shugaban kwamitin, shi ya fara.

"Tun ranar da aka kawo akwatunan nan na ce muku shaiɗan muka gina wa ɗaki. A tattara su a kulle. Littafi ya ishe mu."

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Uwaisu, "da su yaranmu za su yi jarabawa. Akwai abin da ake sa musu, kamar rariya, ya tare ƙazanta. Na taɓa sa shi. Sai 'yan makarantar koyon jinya suka zo neman darasin haihuwa da na shayarwa, ya hana su. Shi bai san bambancin jikin da ake koyo da jikin da ake kallo ba. Shi ya sa na cire."

"Au, kai ka cire?"

"Ni na cire, Alhaji."

Jinjiri mahauci, wanda ko a wurin gaisuwar mutuwa sai ya nemi abin tsokana, ya gyara zama. "Ni fa ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Abin nan yana aljihun kowane yaro a garin nan, har da wasu masu furfura. Duk mai babbar waya ya miƙo in duba. Alhaji, mu fara da taka."

Aka yi dariya. Alhaji Kamilu bai yi ba.

Mani ya buga sandarsa a ƙasa. "Abin da mutum ya yi a aljihunsa, shi da Allahnsa. Nan kuwa wurin jama'a ne. Da wuyan shanuna aka gina shi. Ban ja yashi don ɗiyata ta zo ta ga tsiraicin wasu ba."

"Gidanka fa, ba aljihu?" in ji Jinjiri.

"A gidana babu babbar waya."

Gaskiya ya faɗa. Bara da ya ji an shigo masa da ɗaya gida, sawa ya yi aka kawo ta, ya aza ta bisa dutse ya sa taɓarya ya ragargaza ta a tsakar gida, kowa na kallo.

Alhaji Kamilu ya juya kan Malam Uwaisu. "Wa ya zauna a wurin?"

"Ina masallaci, ban gani ba."

"Kai ke da makulli. Kai ka cire rariyar. Kai ka san kan abin, mu ko kunna shi ba mu iya ba. Wa ya san ko kai ka kunna kafin ka tafi sallar?"

Malam Uwaisu ya rantse da Allah. Ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kau da kai. Baƙo ne, ba wanda ya ga dalilin sayen faɗa a kansa.

"A bar zargi," in ji Mani, ya miƙe. "Ƙasa jiƙaƙƙiya ce. Mai wannan aiki ba ta ƙofar gaba zai fita ba. Zan bi sawunsa, kuma wallahi tallahi, ko ɗan wane ne, da bakina zan kira sunansa a gabanku."

"Ko ɗan wane ne?" in ji Jinjiri.

"Ko ɗan wane ne. Ku zauna inda kuke, kada ku tattake mini ƙasa."

Ya zagaya baya shi kaɗai. Ga sawun awaki, ga na kaza, ga na mutum ɗaya. Ko tsugunawa bai yi ba. Takalmin roba ne, ƙafar hagu ta buɗe waje, dunduniya ta ci gefe guda. Shigowa a natse, fita kuwa da sauri, yatsu sun nutse cikin laka. Ya bi shi har gindin darbejiya inda aka jingine babur, ga tayar baya da facinta mai barin tabo kamar kan ƙusa. Mani ya tsaya. Tafiyar gidansu ce, haka shi yake taka ƙasa, haka ubansa ya taka ta.

Huzaifa ne, ɗansa na fari. Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna, Mani bai taɓa kiran sunan ba, domin shi ma haka ya tarar ubansa na yi masa. Bai taɓa ɗaukar yaron a gaban mutane ba, bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, ko fuskarsa bai cika kallo ba. Ana yaye shi Inno, mahaifiyar Mani, ta ɗauke abinta. In magana ta kama sai Mani ya ce, "A gaya wa na wajen Inno." Yanzu yaro ya zama saurayi, yana jigilar hatsi da mutane a babur zuwa Safana da Zakka. Amma kullum da safe, in Mani ya dawo masallaci, sai ya dubi ƙasar ƙofar zaure. In ya ga sawun nan da tayar nan, ya san yaron ya kwana gida, hanya ba ta cinye shi ba. Ba wanda ya san yana haka. Babu sawun da ya sani a duniya kamar wannan.

Ya waiga hagu, ya waiga dama. Sai ya sa ƙafa ya murje sawun, tun daga bakin ƙofa har gindin itacen. Tun da ya fara sana'ar bai taɓa yin haka ba.

Da ya dawo ya ce, "Na gani. Ku ba ni zuwa Juma'a."

"To, Juma'a bayan an sauko," in ji Alhaji Kamilu. "In ka kawo suna, shi ke nan. In babu suna, Malam ya ajiye makulli ya koma inda ya fito, akwatunan kuma a kulle su a sito."

A gida Rahma ta shige ɗakin uwarta Uwani ta ƙi fitowa, sai ka ce ita ta yi laifin. In ta ji takun ubanta sai ta juya fuska bango. Mani ma bai san da wane ido zai dube ta ba.

Washegari da hantsi ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inno. Tana zaune tana tsince wake. Suka gaisa, ta tambaye shi shanu, ya tambaye ta ƙafa. Sannan ya ce, "Na wajenki, jiya da azahar ina yake?"

"Mijin nawa? Ni ce mai gadinsa? Kai ka haife shi, ga ɗakinsa can. Bakinka ke ciwo?"

"Inno, ki tambaye shi."

Ta ɗago ta dube shi. Sannan ta ture faifan waken gefe.

Da yaron ya dawo cin abincin rana ta kira shi ɗaki. Mani ya tsuguna bayan zana yana kwance wata tsohuwar igiya da ba ta buƙatar kwancewa. Yana jin su.

"Wallahi Inno ban san Rahma za ta zo ba. Motsin mutane na ji sun taso daga masallaci, na rasa inda ake kashewa, na fita."

"Mutane na sallah, kai kana nan kana wannan? Ranar ka fara?"

Inno ta ɗaga murya.

"Da kai nake, ɗan banza."

"Ba ranar na fara ba."

"Tir. Gardi kamarka. Ni dai na sake ka, nemi wata matar."

Ba ta kai ga ƙarasa tsokanar ba muryarta ta karye. Sai Mani ya ji kukan namiji, irin wanda ake dannewa da hannun riga. Rabon da ya ji kukan yaron nan tun yana goye. Ya ji kamar ya tashi ya shiga, ya rasa me zai ce in ya shiga, da wane suna ma zai fara. Ya ci gaba da kwance igiya.

Bayan yaron ya fita Inno ta kira shi. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Ka rufe bakinka. Ka ce ruwa ya wanke sawun. Malamin nan ba ɗan gari ba ne, ya koma Safana, Allah ya ba shi wani aikin. Wannan kuwa in ka faɗa, wa zai ba shi ɗiya a garin nan? Wa zai aza matarsa a bayan babur ɗinsa?"

"Na rantse, Inno."

"Ka yi kaffara, ba kai ka fara ba. Kai da ka fasa masa waya ka zaci ka gama aiki? Yaro ya isa aure tun yaushe, sa'o'insa na da 'ya'ya, wa ya zaunar da shi ya tambaye shi? Kai sai shanun mutane, ka san inda kowanne ya bi."

Ba a musu da Inno, kuma Mani bai ga inda ta yi ƙarya ba.

Ranar Alhamis da yamma yana zaune a ƙofar gida sai ga Malam Uwaisu. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Bayan gaisuwa ya fara magana, yana wasa da hularsa.

"Baba Mani, ba matsa maka na zo yi ba. Jiya maiɗakina ta je famfo, ta yi sallama, ba wadda ta amsa. Babban yarona an ce da shi ɗan mai fim a makarantar allo, ya dawo yana tambayata mene ne. In na koma Safana da wannan sunan, zai riga ni isa. Aikin ba shi ya dame ni ba." Ya share ido da bayan hannu. "Kai kaɗai nake jira. Kowa ya san ba ka ƙarya a kan sawu."

Da ma zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Mani ya dubi ƙasa ya ce, "Allah ya kai mu goben."

Ranar Juma'a ana saukowa jama'a suka cika ƙofar laburare, ba 'yan kwamiti kaɗai ba. Har masu babura sun jeru can gindin itace. Mani bai ɗaga kai ya dube su ba, ƙafafu ya bi da ido, ya ga takalmin roba mai cin gefe a cikinsu. Ya zo kenan.

Alhaji Kamilu ya ce, "To Mani, bismilla."

Mani ya miƙe. Ya kwana yana shirya abin da zai ce, yana ganin ya sami hanyar tsakiya.

"Ba Malam ba ne. Na ga sawun, ba nasa ba ne. Sunan kuwa a bar shi, Allah ya shirye shi."

"A'a, ba haka muka yi da kai ba," in ji Alhaji Kamilu. "In babu suna, wa ya san ko tausayin Malam ne ya kama ka? Kai ka rantse, ba mu muka sa ka ba."

Sai jama'a suka fara jefo sunaye, kowa da wanda yake jin haushi.

"Yazid ne na gidan tela?"

"Ba Yazid ba ne."

"Yasir fa? Kullum yana wurin."

"Ba Yasir ba ne. Ƙafarsa ta fi haka girma."

"Nurain?"

"Nurain yana Katsina tun kafin ruwan, ku ji tsoron Allah."

Jinjiri ya washe baki. "To ko naka ne, Mani? Huzaifa?"

Mani ya sunkuyar da kai, kamar yadda yake yi duk lokacin da aka ambaci sunan a gabansa. Wuri ya ɗauki dariya. Wani dattijo ya ɗaga sanda ya nuna Jinjiri. "Kai dai ba ka da ta ido. Ɗan fari za ka sa mutum ya yi magana a kai? A wuce wurin."

Aka wuce. Ba wanda ya ga komai a shirun nasa sai kunyar da kowa ya san shi da ita. Mani ya gane cewa ya tsira, shi da ɗansa, ko ƙarya bai yi ba. Abin da ake bukata kawai ya koma ya zauna.

"To shi ke nan," in ji Alhaji Kamilu. "Babu suna. Malam, miƙo makullin."

Malam Uwaisu ya sa hannu a aljihu ya zaro makullan da ke ɗaure da zaren buhu. Bai yi gardama ba, bai dubi Mani ba. Ya miƙa hannu zai ba Alhaji.

"Tsaya," in ji Mani.

Ya buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Harshensa bai san hanyarsa ba. Ya sake gwadawa, ya fito da ƙarfi fiye da yadda ya so.

"Huzaifa ne. Huzaifa ɗana. Sawunsa ne, tayar babur ɗinsa ce. Da ƙafata na goge su ranar Talata."

Can gindin itace aka ta da babur, ƙararsa ta yi ta nisa har ta ɓace. Mani bai waiga ba.

"Wallahi wasa nake, Mani," in ji Jinjiri a hankali. "Wallahi ban sani ba."

Alhaji Kamilu ya yi gyaran murya, ya dubi makullan, ya dubi sama. "Malam, mai da abinka aljihu. A yafi juna." Iyakar abin da ya ce kenan.

Mutane suka fara zamewa biyu-biyu, uku-uku, kowa na sauri ya kai labari gida. 'Yan kwamiti suka koma kan maganar rariya don su sami abin faɗa. Alhaji na cewa a sa ta kada a sake cirewa, Malam Uwaisu na cewa to 'yan koyon jinya fa, wani na cewa in sun zo a buɗe musu shi yana tsaye. Ba a gama daidaitawa ba. Abin da aka yarda da shi kawai, ta lungun nan a fito da ita tsakiyar ɗaki, allonta ya dubi ƙofa, kuma in an kira sallah kowa ya fita a rufe.

Mani ya shige ciki ya kama teburin da kansa, don ya sami inda zai sa fuskarsa. Malam Uwaisu ya biyo shi.

"Baba Mani, ban san da wane baki…"

"Kama can gefen," in ji Mani.

Da ya koma gida ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inno ya gaishe ta. Ba ta amsa ba. Ya sake, ta jawo labule. Uwani ta ajiye masa tuwo ta juya ba ta ce ci ba. Rahma kuwa ta aiki ƙaramar maƙwabciyarsu ta karɓo mata takalmanta daga laburare, ta ce ba ta komawa.

Da safe da ya dawo masallaci ya tsaya a ƙofar zaure ya dubi ƙasa. Ga sawun ya shiga, ga shi ya fito. Tayar baya ta nutse fiye da kullum, an ɗaura kaya. Ta miƙe ta bi hanyar Safana, can inda dangin uwarsa suke a Zakka. A wuri ɗaya, daidai bakin zaure, ƙafafun biyu sun tsaya a jere suna kallon cikin gida, sun daɗe har ƙasa ta lotsa.

Mani ya shiga ya ɗauko wani tsohon kwanon sha, ya tsuguna ya kife shi a kan sawun, ya aza dutse a bisa.

Uwani ta leƙo daga zaure. "Me aka sace kuma?"

"Ba a saci komai ba," in ji shi. "In za a fito da awaki, a bi da su ta can."